Gani ya kori ji?

Wata ranar Juma'a cikin hunturun da ya wuce, bayan an sauko daga masallaci, jikana ya shigo zaurena a nan Birnin Ƙonni, gurumin marigayi kawuna a hannunsa na hagu, salula a na dama. Ya zauna, ya aza salular bisa gwiwa, ya taɓa tsirkiya, ya duba allo, ya tura ɗaurin fata kaɗan, ya sake taɓawa, har wata ƴar allura da ke kai da kawowa a jikin allon ta tsaya tsakiya ta rikiɗe kore. Bai cika minti biyu ba ya gama da tsirkiyoyin duka biyu. Sai ya ɗago kai da murmushi irin na wasan jika da kaka, ya ce: «Tsoho, ga abin da ka ce ka shekara bakwai kana koyo.» Ya kaɗa mini kiɗan da kawu ke buɗe wasa da shi. Yatsunsa ba su yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Amma ni dai ban ji kawuna a ciki ba, kuma da ya nemi in nuna masa inda ya ɓata, na kasa. Kasawar nan ce ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san masu karatun wannan shafi sun fi sabawa da zancen farashi da na albashi.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Illela, tamu ta Nijar wadda ake ratsawa ta Badagishiri, kada a ɗauka ta bakin iyaka ce inda ƴan kasuwarmu ke ƙetarawa cin kasuwa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne da damina, makaɗin gurumi da rani. In an kai amfanin gona gida sai ya rataya gurumi ya bi kasuwanni, daga Badagishiri zuwa Gidan Iddar, Dogarawa, har Ƙonni. Da masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki a 1966 sai ya ƙara wani zango, yana sauka can ƙarshen wata, sa'ad da ma'aikata suka amshi albashi aljihu ke da nauyi. In hutun lakwal ya zo, ni ne mai ɗaukar masa buta da tabarma.

Gurumi ba shi da tarin kaya: ƙoƙon duma, fatar da aka ɗame a bakinsa, sanda, tsirkiya biyu, da ɗan icen nan da ake kira jaki, wanda ke zaune bisa fata tsirkiyoyin na hawansa. Kowace tsirkiya ɗaure take a jikin sanda da zoben fata. In ka tura zoben sama ta ɗame muryarta ta hau, in ka sassauto shi ta sauka. Kawu yana kiran babbar uwa, ƙaramar ɗiya. Kafin ya taɓa ko ɗaya sai ya yi ɗan gunguni a maƙogwaro, yana neman inda muryarsa ta kwana a ranar, domin muryar mutum ba kullum take wuri ɗaya ba: ta asuba daban, ta wanda ya wuni cikin ƙurar kasuwa daban, ta mai mura daban. Inda ya same ta, nan zai kai uwa. Sa'an nan ya nemo wa ɗiya wurinta daga uwar, yana kaɗa su tare, kai a karkace, ido a rufe. In ya miƙo mini in gwada, tambayarsa ɗaya ce: «Mi kaj ji?» In na ce na ji daidai, sai ya girgiza kai ya ce: «Ba su shirya ba tukuna, ɗana. Saurara da kyau, suna gardama.»

Na daɗe ina zaton faɗa kawai yake don ya nuna mini ni yaro ne. Sai wata magariba a Gidan Iddar, kasuwa ta watse wuri ya yi tsit, na kaɗa tsirkiyoyin tare na ji wani abu yana makyarkyata tsakanin muryoyin biyu, kamar fitilar da iska ke bugu. Na tura zoben kaɗan, makyarkyatar ta rage sauri. Na ƙara, ta kwanta. Kawu bai ce mini komi ba, ya dai amshi gurumin ya soma waƙa a kan ɗaurina, abin da bai taɓa yi ba. Ban sake samun yabon da ya kai wannan ba, har a wurin aiki.

Kuma ɗaurin ba ya zama. Da damina fata ta sha danshi ta saki, jaki ya nutse, murya ta faɗi, sai an kanga ta ga wuta. Da zafin bazara ta ɗame har a ji tsoron kada ta tsage. Shi ya sa tsakanin waƙa da waƙa, yana cikin ba'a da jama'a, babban yatsansa na can yana gyaran zobe ba tare da kowa ya lura ba.

Ga yadda piyano ya shigo cikin labarin. A 1981 aka turo ni koyarwa a yankin Ƙonni. Akwai wasu Turawa masu aikin asibiti da suka nemi in riƙa koya wa ƴaƴansu Hausa da Faransanci da marece, kuma a falonsu akwai piyano irin mai tsayuwa jikin bango, wanda aka hauro da shi daga Najeriya. Sau ɗaya a shekara wani dattijo mutumin Gana, mazaunin Jos, yakan biyo ta Sakkwato ya zo ya gyara masa murya. Hausarsa irin ta bariki ce, Faransanci kuwa ba ya ji, don haka ni ne tafinta, daga baya na zama mai riƙe masa fitila. Ranar da ya cire murfin gaba na leƙa ciki, na yi shiru. Madannai 88 ne, farare da baƙaƙe, amma tsirkiyoyin ƙarfe sun kai wajen 230, domin yawancin madannan tsirkiya uku-uku suke bugu, na wajen kauri biyu-biyu, na can ƙarshe ɗaya-ɗaya. In aka haɗa ƙarfin jan da suke yi wa jikin akwatin, yakan kai tsakanin tan 15 da tan 20. Wanda ya taɓa ganin an loda wa babbar mota siminti a Malbaza ya san abin da nake nufi. Kowace tsirkiya naɗe take a kan ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako, ana juya ƙusar da wani makulli mai doguwar ƙota, juyin da sau da yawa ido ba ya ganinsa.

Kayan aikin dattijon ba su cika jaka ba: makullin, ƴan guntayen roba da yake cusawa tsakanin tsirkiyoyi don ya toshe bakin waɗanda ba ya son ji, da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da Faransawa ke kira diyafazon. Wani mabushin fadar Ingila mai suna John Shore ne ya ƙago shi a 1711. Dattijon yakan buga shi a gwiwa ya kafa gindinsa a ƙashin bayan kunne, ƙarfen ya ba shi murya ɗaya tak, mai girgiza sau 440 a sakan. Ita kaɗai yake ara daga waje. Sauran 87 duka daga kunnensa yake fitar da su, kowace daga wadda ta gabace ta. Nan na ga ashe sana'ar kawuna ce, sai dai shi kawu uwar muryarsa a maƙogwaro take, wannan kuwa a aljihu.

Inda suka rabu shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Na ji ya haɗa muryoyi biyu, ya kai su har suka kwanta lafiya, sa'an nan ya dawo da makulli baya kaɗan da gangan, gardama ta taso a hankali, ya bar ta haka ya wuce. Na kasa haƙuri na ce: «Baba, ba su shirya ba.» Ya yi dariya har ya ajiye makulli, ya ce in na shirya waɗannan biyu sarai, to wasu can gaba za su yi dambe.

Bari in bayyana, domin lissafi ne mai sauƙi. In ka danne tsirkiya a tsakiyarta daidai ka kaɗa rabin, girgizarta ninki biyu ce ta asali, kunne kuma yana jin su kamar murya ɗaya, irin yadda namiji da mace ke rera waƙa guda kowa a nasa maƙogwaro. Wannan tazara ake kira oktab, ita ce piyano ya raba gida 12, masana kuma suka raba kowane gida kashi 100 domin awo. In kuwa ka danne a sulusin tsirkiya ka kaɗa sulusi biyun da suka rage, za ka sami wata murya mai girgiza uku a duk biyun ta farko, wadda ke zama da ita lafiya lau. Faransawa na ce wa wannan tazara kent. To in ka hau kent 12 a jere, madannan piyano sun nuna ya kamata ka sauka a kan muryar da ka baro, oktab 7 a sama. Ba ka sauka a kanta. Kana zarce ta da kashi 23 da rabi, kusan rubu'in gida. Babu gwanin da ya isa ya kawar da wannan rara, haka lissafin yake tun fil azal. Ɗan kasuwa zai gane matsalar nan take: mutum 12 sun yi tarayya a lodin albasar Galmi, an isa Abijan an tarar da giɓi. Ko dai a ɗora wa mutum ɗaya asarar duka ya karye, ko a raba ta kowa ya ɗauki abin da ba zai kashe shi ba. Masu piyano sun zaɓi rabawa. Kowane kent ana rage masa wajen kashi 2, sai ya riƙa gardama a hankali, ƙasa da sau ɗaya a sakan in a tsakiyar akwatin ne. Wata tazarar, mai gida huɗu, ita ta fi shan wahala, domin ta zarce inda kunne ke so da kashi 14, kuma akwai wurin da dattijon yake ƙidaya mata gardama wajen sau 7 a sakan kafin ya yarda ta zauna. Ashe aikin mai gyaran piyano rabon gardama ne da adalci, don a iya fara waƙa daga kowane madanni.

Ita ma 440 ɗin nan ba daga sama ta sauko ba, kuma ma'aikatan gwamnati ne za su fi jin daɗin wannan. A 1859 gwamnatin Faransa ta fitar da takardar doka ta minista, ta tsayar da muryar awo a kan 435. A 1939 wani taron ƙasashe a Landan ya amince da 440, hukumar ma'aunai ta duniya ta karɓe ta a 1955 ta kuma sake tabbatar da ita a 1975. Duk da haka manyan ƙungiyoyin kiɗa da dama a Turai a kan 442 ko 443 suke kiɗansu, ba wanda ya kai su kotu. Lamba ce da mutane suka zauna suka sa wa hannu don makaɗin wannan gari ya iya kiɗa da na wancan. Tana da amfaninta, kamar yadda kilo ke da amfani ga mai saye da sayarwa tsakanin Ƙonni da Kwatano. Amma ba a tambayi kawuna ba ranar da aka tsayar da ita.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai a 1986. Waɗanda suka ga shekarar ba sa bukatar tuni, tun da har yunwar ma sunansa aka laƙaba mata. Cikin manyan asarorin lokacin, tawa ƙarama ce ƙwarai, har ina jin nauyin ambatonta: dattijon bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba har abada. Ya taɓa bar mini wani tsohon makulli da diyafazon ɗaya. Da piyanon ya kai inda uwargidan ba ta iya jure jin sa, sai ta ce in gwada. Kwana uku na yi, na tsinke tsirkiya ɗaya ta zane ni a bayan hannu, abin da na gama kuwa da kaɗan ya fi wanda na taras. Suka yi haƙuri da ni. Shekara bayan shekara hannu ya soma sanin yadda ake zarce wuri da ƙusa kaɗan a dawo da ita don ta zauna, kunne kuma ya koyi ƙidayar gardama maimakon kashe ta. Daga baya na karanta labarin Claude Montal, wani makaho Bafaranshe da ya rayu daga 1800 zuwa 1865, wanda ya koyi wannan sana'a a makarantar makafi ta Paris, ya wallafa littafi a kanta a 1836, har ta zama sana'ar da ake koya wa makafi a ƙasashe da yawa. Ban yi mamaki ba. Ni ma ido rufe nake aikin, gadon kawu.

A 1987 kawu ya zo sunan ɗiyata, wadda ita ce mahaifiyar wannan jika. Na ɗauki wasansa na daren a kaset da wata rediyo mai batir, washegari kuma na kai shi ya ga piyanon. Ya zagaya shi, ya danna nan ya danna can, sa'an nan ya ɗauko gurumi ya shiga neman muryoyinsa ɗaya bayan ɗaya a jikin madannan. Ya sami wasu. Da ya zo kan wata da yake dannewa da yatsa a tsakiyar sanda, sai ya danna farin madanni ya ce ta yi sama, ya danna baƙin da ke gefensa ya ce ta yi ƙasa. Ya daɗe yana kai da kawowa tsakaninsu. Daga ƙarshe ya ce: «Wanga akwati yana da kyau, ɗana, amma akwai muryar da anka mance ba a sa mishi ba.» Muka yi dariya har da Turawan da na fassara musu. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa. Su kuma da suka tashi komawa gida a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ɗaukar piyanon ya fi kuɗinsa, sai suka bar mini. A amalanken jaki aka kawo shi, yara na biye. Mai ɗakina ta ce da keken ɗinki suka bari da ta fi godiya. Tun daga nan nake fama da shi, kuma na lura halinsa kishiyar na gurumi ne: da damina katakon da ke bayan tsirkiyoyi ya kumbura murya ta hau, da hunturu ya bushe ta faɗi.

Na'urar awon murya ba sabon abu ba ne. Tun a 1936 kamfanin Conn na Amurka ya fitar da wata mai suna Stroboconn, ƙatuwa mai nauyi. A 1975 kamfanin Korg na Japan ya fitar da wadda ake riƙewa a hannu. Yau ta koma manhaja da yaro ke saukewa cikin salula ba ko dala. Bayan abin da ya faru ranar Juma'ar nan, jikana, wanda ke karatu a jami'ar Tawa, ya ce in ba shi makulli ya gyara piyanon kafin hutu ya ƙare. Na ba shi, da mugun nufi, ba zan ɓoye ba. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana kai allura tsakiya. Tsakiyar akwatin ta fito da kyau, har ta fi nawa na ƴan shekarun nan. Amma da ya haɗa muryoyin sama da na ƙasa, shi da kansa ya yamutsa fuska. Na sama sun yi kamar an danne su, na ƙasa kuma ba su zauna da kowa ba, alhali allura ta rantse duk daidai suke.

Dalili shi ne tsirkiyar ƙarfe tana da taurin kai. Kowace tsirkiya, ban da babbar muryarta, tana fitar da wasu ƙananan muryoyi a samanta, kuma a ƙarfe mai kauri waɗannan ƙanana suna ɗan zarce inda lissafi ya ajiye su. Kunne da su yake gwada oktab, don haka mai gyara da kunne yana buɗa oktab kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi niyya ba. A 1938 wani masani Ba'amurke, O. L. Railsback, ya auna piyanonin da gwanaye suka gyara da kunne, ya tarar duk hanya ɗaya suka kauce: muryoyin sama sun ɗara lissafi, na ƙasa sun gaza shi, har wajen kashi 30 a can ƙarshen madannai. Abin lura shi ne da na'ura ya gano haka. Na'urar ce ta ba da shaidar cewa kaucewar kunne tana da ƙa'ida. Kuma don kada in yi wa na'ura ƙazafi, akwai manhajojin da aka yi musamman don piyano, waɗanda ke fara sauraron taurin tsirkiyoyin akwatin da ke gabansu kafin su tsara masa awonsa, gwanaye da yawa kuma da su suke aiki yau. Ta jikana ta masu jita ce, gidaje 12 kawai ta sani.

Na ci wannan zagaye, amma murnata ba ta daɗe ba. Da na amshi makulli don in nuna masa yadda ake yi, na isa oktab biyun ƙarshe na sama, sai na tarar ba na jin gardamar ko kaɗan. Ƙarar bugun guduma nake ji, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Likita ya riga ya gaya mini tsufa da siraran muryoyi yake farawa, madannin ƙarshe kuwa yana girgiza sau 4186 a sakan. Na daɗe da sanin haka, ina dai ɓoye wa kaina. Ashe shekara nawa ina barin saman piyanon nan a karkace, ba wanda ya gaya mini saboda kunya. Ranar na sauke girman kai. Muka samo manhajar da ta dace, ya riƙe salula yana ce mini ƙara, rage, tsaya, ni kuma ina juya ƙusa. Wanda ya ce na'ura ba ta da amfani, kunnensa bai tsufa ba tukuna.

Saura gurumi, kuma nan ne damuwata take. Jikana da tsararrakinsa ba a kan gurumi kunnensu ya tashi ba. Tun a shekarun 1990 kasakasan waƙoƙin finafinan Kano suka soma ƙetarowa ta Illela suna cika shagunan Ƙonni, kiɗansu kuwa na piyanon lantarki ne, yawanci ƙirar Yamaha, wanda ba ya sanin damina ko hunturu, ba ya kuma saki. A 1997 aka fitar da Auto-Tune, manhajar da ke jawo muryar mawaƙi da kanta ta kai ta gida mafi kusa. Ba na zagin waƙoƙin, akwai masu daɗi, a gidana ma ana saurare. Sai dai yaron da ya girma yana jin gidaje 12 safe da dare, duk muryar da ta faɗa tsakanin gida da gida kuskure zai ji ta. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, amma kunnen ma yana da malami. Jikana bai sauya ɗaurin kawu da gangan ba. Ya kai uwa da ɗiya inda allura ta yi kore, yatsansa kuma da kansa ya zame zuwa inda kunnensa ya saba. Muryar nan da kawu ya ce an mance ba a sa wa akwati ba, ita ce ya gyara har ta ɓace.

Na ɗauko kaset ɗin 1987. Muka samu rediyo a wajen wani mai gyara a kasuwa, muka juye shi cikin salula tun kafin zaren ya tsinke. Jikana ya saurara ya ce: «Tsoho, kaset ɗin ne ya tsufa, ko batir ɗin rediyonka ya yi sanyi ranar.» Hujja ce mai kyau, na kuma yaba masa. Amma in zaren kaset ya yi sauri ko nawa, duk muryoyin tare suke hawa ko sauka, tazarar da ke tsakaninsu ba ta sauyawa. Na ce ya bar zancen inda uwa take, ya auna mini nisan sauran daga gare ta. Ya yi ta tsayar da kiɗan yana aunawa har la'asar. Abin da ya samu ya rufe bakinmu mu biyu. Muryar nan ba ta taɓa faɗawa cikin gidan piyano ba, tana tsakani. Cikin waƙa ɗaya, duk sa'ad da kawu ya dawo kanta, kusan wuri ɗaya allura ke tsayawa, wanda ke nuna ba zamewar yatsa ba ce. Amma a waƙa ta gaba, wadda ya yi wa manoma da murya a buɗe, ta ɗan ƙara hawa, ta kuma zauna a sabon wurin har ƙarshe. Ni na so a samu lamba ɗaya in rubuta a takarda in liƙa a jikin ƙoƙon, in huta. Shi ya so a samu kuskure. Ba wanda ya samu abin da yake so.

Wannan ya tuna mini da marigayi Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin gurumi ya fitar da sunansa, ya kuma yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya daga bakinsa da hannunsa kafin tsohon ya rasu. Na'urar ɗaukar murya ba ta yi wuya ba a lokacin, amma ya ga sai ya je ya zauna. Shi ma ya rasu a 2018. Ana iya rataye abin kiɗa a ɗakin ajiya ya shekara ɗari, ɗaurinsa kuwa kwana ɗaya ya ishe shi saki.

Yanzu ga yadda muke yi in ya zo hutu. Piyano aikin mutum biyu ne: tsakiya tawa ce da diyafazon ɗin dattijon Gana, sama tasa ce da salula. In an zo kan gurumi sai ya kife salular bisa tabarma. Na hana shi taɓa tsirkiya sai ya yi gunguni ya nemo muryarsa ta ranar, abin da ya fi ba shi kunya, domin ya ce shi makaɗi ne ba mawaƙi ba. Sa'an nan mu saurari kawu, ya kwaikwaya, mu sake saurare. An gaya mini akwai sauran wani tsoho mai gurumi a wani ƙauye gabas da Badagishiri, mun yi shawarar zuwa wurinsa in an gama girbi, in Allah ya kai mu, in kuma hanya ta yi kyau.

A zuwansa na baya-bayan nan ya zauna kusan rabin awa yana tura zobe yana dawo da shi, kai a karkace. Can ya kaɗa uwa da ɗiya tare, ya dube ni ba tare da murmushin nan ba, ya ce: «Tsoho, sun shirya?» Na so in ce masa e. Babura na wucewa a titi, injin niƙa na maƙwabta yana aiki, ni kuma ban tabbata abin da na ji ba. Na ce ya tashi ya rufe ƙofar zaure, ya dawo ta gefen kunnena na dama, ya sake kaɗawa.